Rabon Inna

Ranar da muka kai Inna, uwar mijina, makwancinta, mutane sun rasa da wace kalma za su yi mana gaisuwa. Garinmu ƙauye ne tsakanin Dungas da Mallawa. Gidajen masu bin Almasihu a cikinsa 'yan kaɗan ne, sauran duka Musulmi, rabinsu ma danginta ne na jini. Sai tsohuwa ta shigo ta durƙusa, ta buɗe baki za ta ce Allah ya ji ƙanta, sai idonta ya faɗa kan fasto da ke zaune a bakin ƙofa, ta rasa ko ana faɗin haka a wurinmu, ta ce, "Ya haƙuri?" kawai. Wasu kuwa ba su tsaya wani tunani ba, suka yi mata addu'a yadda suke yi wa nasu, muka ce amin.

Ƙaninta, wanda shi ne ladanin masallacin unguwar gabas, bai shiga majami'a ba. Ya shimfiɗa buzunsa a gindin icen bedi, yana jin waƙoƙinmu daga can. Da aka fito da ita ya tashi ya bi mu har kabari, ya tsaya nesa kaɗan. Da aka gama ya kama hannun maigidana ya ce, "Tun gemuna yana baƙi nake gardamar addini da uwarka. Ban kayar da ita ba, ita ma ba ta kayar da ni ba. Yanzu da wa zan yi?" Ya juya ya tafi yana share ido da bakin rawani.

Matan da ke sarin man gyaɗa a wurinta suka zauna suna ta tuna halinta. Ba ta rage wa kowa awo, amma kuma ba ta rangwame, in kuwa ka taɓa ƙulinta ba ka saya ba, za ka ji magana. Aka yi 'yar dariya, aka koma kuka. Wadda ta fi kowa kuka ba danginmu ba ce. Matar maƙwabcinmu ce na bayan danga. Ta faɗi a tsakar gida tana birgima sai da aka riƙe ta. Maigidana ya kau da kai ya fita zaure. Duk wanda ke wurin ya san dalili.

Fasto ya ce a wa'azinsa Inna mace ce mai sanyin hali, wadda ba ta taɓa riƙe kowa a zuciya ba. Wurin ba wurin gyara magana ba ne. Amma na zauna da ita gida ɗaya tun ina amarya, na san ba haka take ba, kuma yadda take ɗin ya fi abin da ya faɗa nauyi. Ƙananan 'ya'yana ba su san ta ba sai tana makauniya mai faɗa. Shi ya sa na ce bari in rubuta abin da na gani, tun ni ma ban fara yarda da wa'azin ba.

Ba a haife ta cikin bin Almasihu ba. Mijinta ne ya fara, bayan ya daɗe yana jiyyar ƙafa a likitar Dungas, ya dawo da littafi da sabuwar addu'a. Ta yi shekaru ba ta ce masa ƙala ba. In yana karatu da safe tana can bayan zana tana gyaran gyaɗa. Na taɓa tambayarta abin da ya juyo da ita, sai ta ce, "Na gaji da jin labari ta bayan zana. Na ce bari in koyi karatun in gani da idona, ko ƙari yake yi." Ta shiga ajin mata tana da 'ya'ya manya, ta koyi baƙi da ƙyar. Ta ce ta tarar bai yi ƙari ba, ragewa ma yake yi, don wuraren da suka fi wuya tsallake su yake.

Karatunta abin kallo ne. Da hantsi, kafin ta ɗora tukunyar tuya, sai ta zauna a kan turmi kife, ta buɗe Littafin a cinya, ta ɗora yatsa a ƙarƙashin kalma tana ja a hankali, tana faɗa a fili. Duk gefen shafukan sun yi duhu da maiƙo. Ba ta karatu shiru kamar yadda aka koya mana a lakwal, makarantar boko. Gardama take da mutanen da ke ciki. In ta zo wurin wanda ya yi alkawari da baki ya kuma gudu da wuya ta zo, sai ta ce, "Ji shi fa, sak ƙanina." In ta zo wurin da ba ta gane ba, sai ta ce, "Wannan kam sai na je can in tambaya." In ta rufe kuwa maganarta ɗaya ce kullum: "To, an ji. Saura yi."

Ni 'yar mai bishara ce, na yi lakwal a Magariya, ina karatu da sauri. Wannan bai burge ta ba ko kaɗan. Ranar farko da ta ji ina karantawa ta ce, "Ke 'yar nan, wa ke korar ki? Kin haɗiye ba ki tauna ba." Tuwona ma ta ce ya cika laushi. Mun yi shekara kafin ta fara bar mini maɓallin ɗakin mai.

'Ya'yanta maza biyu ne suka rayu, maigidana da Auta. Maigidana ɗan fari ne, don haka ba ta kiran sunansa, ba ta ma yi masa magana kai tsaye. Ko yana zaune a gabanta, ni za ta duba ta ce, "Gaya wa mijinki rumbu yana yoyo." Auta kuwa shi ne abokin hirarta. Shi ke kai mata mai kasuwar Mallawa a kan jaki, shi kaɗai ke iya tsokanarta ta yi dariya. Yana da aboki tun suna yawo ba wando, ɗan gidan da ke bayan dangarmu. A akushi ɗaya suka tashi suna cin tuwo, sau da yawa ma a ɗakin Inna.

Sai fari ya zo. Damina ta yi ƙarya, ta sake yin ƙarya. Gyaɗa ta ƙone a ƙasa, Inna ta kife tukunyar tuya don babu abin soyawa. Shanu suka riƙa faɗuwa a hanya. Samari suka tsallaka Najeriya neman abin da za su aiko. Muka koma cin anza, 'ya'yan icen nan masu ɗaci da sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana zubar da ruwan kafin su ciwu. Rijiyar gari ta ja ƙasa, sai an jira ta taru kafin a sami guga ɗaya mai laka.

A bakin rijiyar nan abin ya faru, da rana tsaka, mutane suna kallo. Auta ya zo da awakinmu, abokin nan nasa, maƙwabcinmu, ya zo da saniyarsa guda da ta rage. Gardama ta tashi kan wa ya riga wani. Waɗanda ke wurin sun ce maganar ba ta kai ta kawo ba. Maƙwabcin ya ɗaga gorarsa ya sauke wa Auta a kai, sau ɗaya. Auta ma ya tashi ya tako gida da ƙafarsa, yana cewa ba komai. Ya kwanta a ɗakin Inna don ya ɗan huta. Washegari da la'asar ya cika.

Jandarmomi suka zo daga Magariya suka tafi da maƙwabcin, daga baya muka ji an kai shi gidan kaso a Damagaram. Ya bar matarsa da 'ya'ya uku da ciki. Iyayensa sun rasu, dangin matar kuwa yunwa ta watsa su. Saniyar ta mutu. Mutanen gari suka janye jiki daga gidan, wasu don kunyarmu, wasu don ba su da abin bayarwa, abin ya zama musu hujja.

Inna ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Ta daina karatun safe. Littafin yana rataye cikin jakarsa, ba ta ko kallon wajen. Tana zaune a ƙofar ɗaki tun safe har rana ta juya, ba ta cewa komai. Abin da kawai ake ji a gidan shi ne kukan yaran can ta bayan danga. Kukan yunwa daban yake, ba shi da ƙarfi, ba ya kuma tsayawa.

Wata safiya na fito na tarar ta sauko da Littafin. Ta buɗe wajen da aka gicciye Almasihu, yatsanta a wuri ɗaya, ba ta ja ba. Ta daɗe a haka. Ba ta yi gardama da kowa ba ranar. Ta rufe, ta shiga madafa, ta ɗebi kunun jar dawar agaji da na dama, ta zuba a ƙwarya, ta nufi kafar danga. Ta ajiye, ta yi tari, ta dawo.

Maigidana ya ji a bakin mutane kafin ya ji a gida. Ya shigo ya tsaya a gaban Inna.

"Inna, gaskiya ne abin da ake faɗa? Jinin Auta bai bushe a bakin rijiya ba, hatsin gidan nan yana shiga gidan wanda ya kashe shi?"

Na jira ta juyo gare ni ta ce in gaya wa mijina kaza, yadda ta saba. Ba ta juyo ba. Ta dube shi ido cikin ido, abin da ban taɓa gani ba.

"Ni na haife shi," ta ce. "Ba kai za ka gaya mini jininsa bai bushe ba."

"To don me?"

"Yaran ne suka riƙe gorar?"

"Nawa 'ya'yan fa? Dubi wuyansu. Ni ke tafiya har Magariya in tsaya layi rana ta dake ni kafin a auna mini dawar nan. Ba zan ɗauko ta in ciyar da gidan can ba. Ko ƙwaya ɗaya."

Gaskiyarsa ce, ita ma ta sani. Can ta ce, "To. Ba na taɓa na 'ya'yanka. Amma ni ma ina da baki a gidan nan ko? A riƙa auna mini rabona daban. Abin da na yi da shi ba ruwan kowa."

Haka aka yi. Kullum in na auna na gida, sai in zuba nata a ƙoƙo. Ta dama da kanta, ta cika shi da ruwa da ganyen tafasa don ya yi auki, ta sha 'yan ludaya, ta kai sauran kafar danga. Ba ta taɓa shiga ba, ba ta taɓa gaida matar ba. Tari kawai. In an jima sai mu ga ƙwaryar a wanke an kife ta a gefenmu. Na ce mata, "Inna, za ki kashe kanki." Ta ce, "Tsohuwa ba ta cin da yawa." Zanenta ya fara zagaye ta sau biyu. Maigidana ya daina cin abinci a cikin gida, sai a kai masa zaure. Wata da watanni uwa da ɗa ba su zauna wuri ɗaya ba.

Ranar da naƙuda ta kama matar, babbar 'yarta ce ta leƙo ta kafar danga, ta kasa magana. Cikin matan gari babu wadda ta je. Inna ta ɗaura ɗankwali ta shiga gidan, karo na farko. Ita ta karɓi haihuwar, ita ta yanke cibi. Namiji ne. Da ta dawo ta zauna bakin randa tana wanke hannu, ta wanke, ta sake wankewa. Na tambaye ta lafiya, ta ce, "Kamar ubansa yake. Haka uban ya zo duniya, ina wurin." Ba ta ci komai ba ranar.

Faston da muke da shi a lokacin saurayi ne mai zafin wa'azi, ba wanda ya binne ta ba. Wata Lahadi ya kawo labarinta a gaban jama'a. Bai ambaci suna ba, amma mu nawa ne? Ya ce akwai wata uwa a cikinmu da ta yafe da farin ciki, ta nuna mana ma'anar gicciye. Inna ta jira aka tashi, ta tare shi a bakin ƙofa, ina riƙe da hannunta.

"Malam, kada ka sake sa ni cikin wa'azi."

"Inna, ai don a yi koyi ne."

"Wa ya gaya maka da farin ciki nake yi? Kullum in na ɗauki ƙwaryar nan ƙafata ƙin tafiya take. Jiya na yafe, yau na tashi na tarar abin yana nan, sai in sake. Kai kana ganin an yi an gama."

Ya fara cewa wani abu game da alherin Allah, ta nuna gicciyen katako da ke jikin bango, wanda faston ya sa aka goge aka shafa wa mai.

"Kun gyara shi ya yi kyau. Ice ne fa da aka kashe ɗan wata a kai, tana tsaye tana kallo. In an yi ɓarna, dole wani ya ɗauki asarar, ba ta bin iska. Shi ɗan ya ce a ɗora masa. Ka karanta ka gani ko da dariya ya ɗauka."

Muna tafiya gida ta ce mini, "Yaron kirki ne. Bai binne kowa nasa ba tukuna."

Ruwa ya dawo daga baya, aka sami gero, mutane suka fara komowa. Amma Inna ba ta koma yadda take ba. Idanunta suka fara hazo tun cikin yunwar, sannu a hankali har suka rufe. A likita an ce tsufa ne da rashin abinci. Ta gwada komawa tuya, ta ƙona hannu, ta haƙura. Daga nan karatun safe ya dawo wuyana. Ta zauna a kan turminta, ni a tabarma. In na yi sauri sai ta buga sanda a ƙasa. Maigidana ya dawo cin abinci cikin gida, ba wanda ya ce a yi haƙuri, wata rana ce kawai ta ce mini, "Gaya wa mijinki ya rage gishiri," shi kuma ya ce to.

Bara aka sako maƙwabcin. Ya rame, kansa ya yi fari, shi da bai kai maigidana shekaru ba. Kwana biyu da dawowarsa ya yi sallama a ƙofarmu da hantsi. Maigidana na ganinsa ya ɗaura wa jaki mangala ya bi ta baya, bai dawo ba sai washegari. Mutumin ya durƙusa a rana a tsakar gida. Na shiga na gaya wa Inna. Ta ce, "Na ji muryarsa." Ba ta motsa ba. Inuwa ta gushe daga bakin ɗaki tana zaune, shi ma yana durƙushe. Daga ƙarshe ta ce in kama ta.

Da muka isa gabansa ya kifa goshi a ƙasa, yana cewa, "Inna, Inna," ya kasa ƙarasawa. Ta laluba ta sami kansa, ta ɗora hannu.

"Tashi," ta ce. "Ƙasa da zafi. Ka ga ɗanka?"

"Na gan shi, Inna."

"To je ka riƙe su. Ban biyo ka da komai ba."

Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Da ya fita na mai da ita ɗaki, ta yi amai, ta kwanta ta juya wa ƙofa baya har yamma. Tun daga ranar yakan aiko da itace da sabon gero, tana karɓa ta ce an gode. Maigidana har yau bai amsa sallamarsa ba. Ban matsa masa ba, ita ma ba ta taɓa matsa masa ba.

A bazarar nan ciwon ya kwantar da ita. Ya zo daidai da makon da muke tunawa da mutuwar Almasihu, zafi kamar a bakin murhu. Ba ta iya zama, don haka nakan zauna a gefen gadonta in karanta. Ranar Jumma'a na karanta mata labarin tun daga kamu har gicciyewa, a hankali yadda take so. Da na zo wurin masu laifin nan biyu da aka rataye tare da shi, da wanda ya roƙa a tuna da shi aka kuma karɓe shi nan take, sai ta ɗaga yatsa.

"Tsaya. Wannan mutumin, me ya yi aka karɓe shi?"

"Bai yi komai ba, Inna. Roƙo kawai ya yi."

"Hannunsa a kafe, ƙafarsa a kafe. Ba zai mayar da abin da ya ɗauka ba, ba zai je ya ba kowa haƙuri ba."

"Haka ne."

Sai ta ce, "'Yar nan, zan gaya miki wani abu. Yaron can, ban ƙara son sa ba tun ranar. Na ciyar da gidansa, na ɗora masa hannu a ka. Amma in na ji tarinsa ta bayan danga, abin dawo mini yake sabo. Na roƙa a cire mini, na roƙa, ba a cire ba."

Na ce, "Inna, abin da kika yi ai ya isa. Wa ya yi rabinsa?"

"Bai isa ba. Ni na san inda ya tsaya. Ba kuwa shi zan nuna ba in na je."

"To me za ki nuna?"

"Ba komai. Haka zan tafi kamar mutumin nan. In sai na gama nawa za a buɗe mini, to, ba zan shiga ba. Almasihu dai ya gama nasa."

Ta sauke numfashi. Na tambaye ta ko in ci gaba, saura kaɗan a kai wurin tashi daga matattu. Ta ce a'a, ta san yana nan, a bar shi sai Lahadi.

"Na gaji," ta ce. "Juya ni in fuskanci ƙofa. Kamar akwai 'yar iska."

Na juya ta. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Ta kai Lahadin, ta ji sauran karatun, ta ƙara 'yan kwanaki, sannan ta tafi wata safiya ina dama mata kunu.

Ubangijin da ta yi ta gardama da maganarsa tana kuma bin ta, ya karɓe ta yadda ta je, ya ba ta hutu.